Da Fuskata Suka Ci Kasuwa

Sallama gare ku 'yan uwana masu bibiyata. Ku yafe mini shirun da kuka ji, wallahi ba jan aji ba ne. Hannun dama ne ke naɗe da bandeji, da hagu nake danna muku wannan, harafi ɗai-ɗai kamar kaza na tsintar hatsi. Wanda ya ga na cika surutu kuma ya yi haƙuri, ni goyon kaka ce, a cinyar tsohuwa na koyi magana. Ita kuwa, Allah Ya ji ƙanta, ko allura za ta aike ka saye sai ta ba ka tarihin mai shagon da na matarsa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: Auta ake ce mini a gida. Ina tsaron shagon turare da kayan kwalliya. Babanmu ya rasu tun ina goye, daga ni sai Yayana wurin Umma, shi da matarsa Anti suna ɗakin da ke kallon namu a gida ɗaya. Sannan akwai Dogo, ma'aikacin jinya a babban asibiti, wanda saura ƙiris ya zama mijina.

Ba ƙaramar wuya muka sha ba kafin mahaifiyar Dogo ta amince. Cewa ta yi ba ta son 'yar tsaron shago, wai kayan da aka baza a kasuwa kowa ya wuce sai ya taya. Dogo ya yi lallashi, ya yi fushi, ya yi rama, har ta sauko, amma da sharaɗi: ko ƙura ta ji ta tashi a kan sunana, an fasa. Shi ya sa nake lallaɓa sunan nan nawa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a tsakiyar kasuwa. Ko dariya ba na yi da ƙarfi a shago.

To ku gyara zama.

Ranar da abin ya faru na fito fes abina. Doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, mayafi ruwan hoda, takalmi mara tudu saboda tsayuwa. Na goge akwatin gilashin da muke jera turaruka masu tsada, na kunna 'yan fitilun cikinsa, kwalabe suna ta walƙiya. Uwar ɗakina ta tafi sarin kaya, ni kaɗai ce. Wayata ta yi ƙara, na san Dogo ne.

"Ranki ya daɗe, an karya kuwa, ko yau ma ƙamshi za a sha a ƙoshi?"

Na rubuta masa: "Na karya. Kai dai ka ji da majinyatanka."

"Majinyaci ɗaya ne ya gagare ni, yana nan cikin ƙirjina."

"Allah Ya ba shi lafiya, ni ba likita ba ce."

Ina cikin murmushin nan ne, irin wanda mutum ke yi shi kaɗai kamar sabon kamu, na ji ƙofa ta buɗe. Wani mutum ne gajere kakkaura, rigarsa duk ƙananan hujoji na tartsatsin wuta, hannuwansa tabon ƙuna ko'ina. Kana gani ka ga mai walda. Idanunsa jajir, leɓensa a bushe.

"Sannu da zuwa, me za a ba ka?"

Kallona yake tun daga mayafi har takalmi, kamar wanda ya ga fatalwa. Can ya ce, a hankali, "Zumata."

Na waiga bayana, na ga ba kowa sai kantar shago. "Malam, da wa kake?"

"Ashe kina da rai. Ashe kina nan kina sheƙa ƙamshi. Ya jikin Baba? An yi aikin ƙodar lafiya?"

"Bawan Allah, ka yi makuwa. Ni babana ya daɗe da rasuwa."

Jama'a, da na san abin da maganar nan za ta jawo da na haɗiye ta. Ban ga tahowar hannunsa ba. Ji kawai na yi kamar an buga mini murfin tukunya a kunne, shagon ya juya, na daki kanta, kwalaben man shafawa suka zubo a kaina. Kafin in tashi ya damƙi mayafina ya naɗe a hannu, ya fizgo ni har allurar da na maƙale shi da ita ta karce mini wuya.

"Ya rasu? Ya rasu, 'yar iska? Injina na sayar! Shagona na sayar! Abin da na tara tun ina yaron shago, don a yi wa mataccen ubanki aiki?"

"Wallahi ban san ka ba! Wayyo jama'a!"

Ya sake ni, ya sunkuci kujerar ƙarfen da nake zama, ya ɗaga sama. Na rufe kai na ce shi ke nan, Umma sai dai ki ji labari. Amma ba ni ya sauke wa ba, akwatin gilashin ya sauke wa. Ƙarar ba ta da misali. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa, turaruka suna fashewa, ruwansu na malala. Na zabura zan gudu, santsi ya kwashe ni, na dafa ƙasa da hannun dama, daidai kan wani fasasshen gilashi mai tsini. Ya shige tafin hannuna kamar wuƙa a sabulu. Turare ya bi ciwon. Ku da kuka taɓa zuba turare a ƙaramin ƙurji, ku auna. Har yau in na ji ƙamshi mai ƙarfi sai amai ya taso mini, don ni yanzu warin jini nake ji a cikinsa.

Maƙwabtan shago suka ɗuro. Mai sayar da katifa ya shaƙo shi ta baya, mai gyaran takalma ya sauke masa guduma a kafaɗa, suka ja shi waje. Wanda ya sani da wanda bai sani ba kowa ya kawo nasa hannun. Na hango wani ya rotsa masa bulo a ka. Shi kuwa yana ƙasa, jini ya rufe masa ido, bai fasa ihu ba: "'Yar damfara ce! Ku tambaye ta! Ta cinye ni!"

Ni kuma ina zaune a bakin ƙofa, kai ba mayafi, riga a yage, jini na ɗiga. Na ɗaga ido in ga wanda zai miƙo mini ko tsumma. Wayoyi na gani. Wayoyi a sama kamar an shuka su, kowa na ɗauka. A nan na san tiren ƙwan nan ya kife.

Motar 'yan sanda ce ta kwashe mu, ni da shi, zuwa asibiti. Kuma da yake ƙaddara ba ta da kunya, ɗakin ɗinki ɗaya aka kai mu, wanda ke aiki a ɗakin kuwa Dogo ne.

Da ya gan ni tiren da ke hannunsa ya faɗi. Ya zaunar da ni, ya wanke ciwon, ya zare gilashin da ɗan hantsaki, ya fara ɗinki. Hannunsa bai yi rawa ba, amma jijiyar goshinsa kamar za ta tsinke.

"Wa ya yi miki?"

Na nuna gadon da ke kusa da ido. Mai Walda na kwance, an ɗaure hannunsa ɗaya da ankwa a jikin ƙarfen gado, wata ma'aikaciya na aske gefen kansa. Dogo ya ajiye allura ya miƙe. Wallahi ban taɓa sanin yana da irin wannan fuskar ba. Sai da 'yar sandan da ta rako mu ta tare shi da ƙirji. Wata babbar mace ce mai tabarau a kan hanci, Sajan suke ce mata.

"Koma ka gama ɗinkinka, ɗana. An yi dukan ya isa haka. Yanzu magana za a yi." Ta juya ga Mai Walda. "Kai, ina wayarka?"

Ta zaro ta daga aljihunsa, ya buɗe mata da babban yatsa. Ta ja kujera ta zauna tsakaninmu kamar mai raba gado.

"Ka taɓa ganin yarinyar nan ido da ido kafin yau?"

"A'a. Amma kullum muna tare a waya. Ita ta fara yi mini sallama a shafina, ta yaba wata ƙofa da na ƙera."

"Kiran bidiyo fa?"

"Ta ce kyamararta ta fashe. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ki duba hotunan, duk da tabon tsagar."

"Asusun da kake tura wa, sunanta ne a kai?"

"Na ƙanin babanta ne, in ji ta. Daga baya na wata ƙawarta. Daga baya kuma na wani likita."

Sajan ta sauke tabarau ta dube shi, ba da raini ba, da tausayi. "Kai ma dai. Fuska ta wani, asusu na wani, kuma duk ranar da ka ce za ka zo sai wani ya kwanta asibiti, ko?"

"Sau uku ina sa ranar zuwa." Muryarsa ta karye. "Da na ce na sayar da shagon, babu saura, washegari lambar ta mutu. Na yi zaton wani abu ne ya same ta. Kuka na riƙa yi, Sajan. Ni da gemuna."

"To ya aka yi ka gano shagon?"

"A wani hoto akwai leda a bayanta, da sunan shagon a jiki. Titi-titi na riƙa bi."

Allah Ya sani, duk da kunnena na amsa kuwwa saboda marinsa, sai da na tausaya masa. Mutumin nan ba mugu aka haife shi ba. Gasa shi aka yi a hankali har ya ƙone.

Sajan ta miƙo mini wayar. "Duba nan. Ke ce?"

Ni ce. Ni ce a shago, ni ce a tsakar gida ina yanke farce, ni ce da sabuwar riga. A ƙarƙashin kowane hoto kalamai ne da ko Dogo ban taɓa rubuta wa irinsu ba. *Mijina. Hasken idona. In ba kai ba sai rijiya.* Dogo na tsaye a kaina yana karantawa, ina jin numfashinsa a ƙeyata. Sajan ta ja yatsa, wani hoton ya fito. Ina kan gado da rigar barci, kai ba ɗankwali, rabin kitso a tsefe, na zaro harshe ina wasa da kyamara.

Dogo ya sunkuyo yana duba hoton.

"Ni ban taɓa ganin wannan ba," in ji Dogo. A hankali ya faɗa, amma gara marin Mai Walda sau goma.

"Ba wanda ya taɓa gani. Ban tura wa kowa ba. Wallahi, Dogo. Shirme ne na yi ni kaɗai a ɗaki."

"To ya fita da ƙafarsa ne?"

Na dai ƙura wa hoton ido, hawaye na zuba, ina share su da bayan hannun hagu. A nan ne na lura da abin da Mai Walda ya ambata ɗazu. Wani farin zane a kusurwar sama, kamar furfura ɗaya ta gitta. Na koma baya. Yana nan. Na sake komawa. Yana nan. Duk hotunan, babu wanda ba shi da shi.

"Sajan, don Allah ciro wayata a jaka. Ki ɗauke ni hoto da kyamarar gaba."

Ta ɗauka. Fuskata ta fito a kumbure, amma hoton tas, ba zane.

"Wayar ta taɓa faɗuwa," na ce. "Gilashin ya tsage daidai kan idon kyamara, duk hoton da na ɗauka sai ya fito da zanen nan. An canja gilashin tuntuni. Tun daga ranar hotunana ba su da shi. In da ni ce nake tura masa, ai da ya samu sababbi ko guda ɗaya. Waɗannan duka tsofaffi ne."

Sajan ta mayar da tabarau, ta jera wayoyin biyu a cinya tana dubawa. "Wato wanda ya kwashe, a tashi ɗaya ya kwashe, kafin a canja gilashi. Bai sake samun shiga ba. Shi ya sa ya riƙa yi wa wannan awo da cokali, yau ɗaya, jibi ɗaya. Tsagar ma ya mayar da ita hujjar ƙin kiran bidiyo. Kai, ɗan banza ya iya aiki." Ta dube ni. "Wa ya gyara miki wayar? Kin ba shi lambar buɗewa?"

'Yan uwa, a nan ne ƙasa ta tsage a ƙarƙashina.

Don ba ni na kai gyara ba. Na tuna ranar sarai. Ina wanki, Yaya ya leƙo ya ce, "Auta, kawo wayar nan taki mai kama da taswira, akwai abokina, kyauta zai yi mini." Har ya kai ƙofa ya dawo: "Faɗo lambar, sai sun buɗe za su gwada." Na faɗa masa ina ta godiya. Wayar ta kwana biyu a hannunsa.

Zuciyata ta ce, a'a, abokin ne. Lallai abokin ne.

"Na manta shagon," na ce.

Dogo ya dube ni. Mutumin nan ya san ni kamar yunwar cikinsa. "Auta, ke da kike tuna kalar rigar da na sa ranar da muka fara haɗuwa?"

Na sunkuyar da kai.

"Akwai murya ma," in ji Mai Walda daga gadonsa. "Ku kunna. Ta ce ba ita ba ce, ku kunna ku ji."

Sajan ta danna. Raɗa ce, irin ta mai gudun kada a ji. *"Tsut. Mijina, ka yi haƙuri da raɗa, Baba ne ya samu barci..."*

Raɗa ba ta da mai ita, kowa ya yi ta kusan ɗaya ce. Sajan ta kaɗa kai, Dogo ya yamutsa fuska. Amma ni na ji abin da ba su ji ba. Wannan ɗan tsotsar haƙorin kafin magana, *tsut*, mutum ɗaya na sani da shi a duniya. Da shi take cewa in miƙo mata gishiri. Da shi take cewa in riƙe mata jaririya. Sannan can ƙasa-ƙasa, *ƙwas, ƙwas, ƙwas*, fankar ɗakin Yaya ce mai lanƙwasasshen fiffike, wadda kullum ake cewa gobe za a gyara.

Anti.

Na haɗiye sunan. Sajan ta ce bin sawun asusun zai ɗauki lokaci, irin waɗannan na haya ne, talakawa ake ba ɗan abin sayen sabulu a karɓi nasu. Ta ce kafin nan ba ta wanke ni ba, ba ta kuma ɗaure ni ba, in tafi in tuno shagon. Da na fito baranda, wasu samari majiya ƙarfi masu irin rigar Mai Walda suna jingine da bango. Ƙannensa ne da yaran shagonsa. Ɗaya ya tofar da yawu a gabana.

"Ki gaishe da gida. Duk wanda ya ci guminsa, sai mun narka shi."

Dogo ya sa ni a tasi, ya biya, ya rufe ƙofa. Bai ce sai anjima ba.

Rana ta yi sanyi na isa gida. Ashe bidiyon ya riga ni. Umma na zaune a bakin ƙofar ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Anti na tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Yaya kuwa na tsakiyar gida, ya ninka wayar wuta biyu ya naɗe a hannu.

"Sannu da zuwa, tauraruwa. Duniya ta gan ki."

"Yaya, ka bari in..."

Ya zuba mini a gadon baya. Ya sake a cinya. Na faɗi, na ɗaga hannun ciwo ina karewa, ya sauke a kan ɗinkin. Na ji zaren ya ɓalle, bandeji ya jiƙe nan take.

"Mu za ki zubar wa mutunci? Damfara? A gidan nan? Da me aka rage ki? Umma ki bar ni da ita, ke kika lalata ta!"

Yana duka yana ɗaga murya, yadda maƙwabta za su ji su shaida cewa gidanmu akwai tarbiyya. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne yadda ya iya. Ko ƙifta ido ba ya yi. Na ja jiki na jingina da randar roba, na ɗago na dube shi, bakina cike da jini.

"Yaya, wane shago ka kai wayata gyara?"

Hannunsa ya tsaya a sama.

Na juya ga matarsa. "Anti, ya jikin Baba? Ya samu barcin?"

Farantin ya suɓuce ya tarwatse. Ba wanda ya dube shi. Umma ta ɗago kai a hankali, ta dubi Anti, ta dubi ɗanta. Uwa ba ta buƙatar Sajan.

Sai ji na yi Yaya ya faɗo kaina. Gwiwarsa a cikina, hannuwansa biyu a maƙogwarona. "Wa kika faɗa wa? Wa kika faɗa wa, don ubanki?" Uban da muka haɗa, wanda ya tono daga kabari ya kwantar a gadon asibiti yana bara da shi. Ina ta kartar hannunsa, idona na fitowa, sama ta fara yin baƙi daga gefe-gefe. Ina jin Anti na ihu, jaririya na tsala kuka a ɗaki. Umma ce ta sunkuci kujerar katako ta sauke masa a baya. Bai saki ba. Ta kafa masa haƙori a dantse har sai da ya yi ƙara ya mirgina gefe.

Ya zauna a ƙasa yana haki. Da ya buɗe baki kuma, ba haƙuri ya bayar ba.

"Hoto ne fa kawai! Me na rage miki? Ciwo ya ji miki? Wa ya ce wawan ya zo nemanki? Abincin da kuke ci a gidan nan kuna tambayar daga ina yake? Maganin Umma fa, daga sama yake faɗowa?"

Umma ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa. Ta jiƙa tawul ta goge mini wuya, ta yage tsohon zani ta ɗaure hannun. Tana yi tana kuka, ina kuka. Na ɗauka cewa za ta yi, tashi mu je wurin hukuma. Sai na ga ta durƙusa. Umma ta durƙusa a gabana, ta kama ƙafafuna biyu.

"Umma, don Allah tashi!"

"Ba zan tashi ba. Auta, ɗa namiji ɗaya gare ni. Na ga bidiyon, na ga irin mutanen. In suka ji sunansa ba kotu za su kai shi ba, gawarsa za a kawo mini. Ki ce kin manta. Ki tsaya a kan kin manta."

"In na ce na manta, ni ce ɓarauniyar, Umma. Har abada. Dogo zai tafi."

"Wani zai zo. Ke yarinya ce, magana ce, yau a yi gobe a manta."

"Sunana fa?"

"Suna ba ya zubar da jini, 'yar nan."

Na dubi zanin da ta ɗaure mini, ya riga ya rine.

Wayata ta yi haske a kan katifa. Dogo. *Ina ƙofar gida. Mama ta ga bidiyon, ta aika a kira kawunnaina a fasa. Na roƙe ta ta ba ni zuwa faɗuwar rana. Fito.*

Umma ta karanta a fuskata. Ta ƙara damƙe ƙafata. Na zare a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ban tsaya neman takalmi ba, na yafa abin da hannuna ya kai gare shi. Yaya na zaune inda na bar shi, ya bi ni da ido. Na ji takun Umma a bayana har bakin ƙofar gida, ta laɓe a bayan ƙyauren.

Dogo na tsaye da kayan aikinsa, ko canjawa bai yi ba. Ya ga leɓena, ya ga hannun, sannan ya ga wuyana. Ma'aikacin jinya ne, ya san shatin yatsu in ya gani. Ya matso har ina jin warin maganin asibiti a rigarsa.

"Na yarda ba ke ba ce. Tun a asibiti na yarda. Amma yardata ba za ta shiga kunnen Mama ba, ba za ta goge bidiyo ba. Suna ɗaya nake so, Auta. Wa ya karɓi wayar nan?"

Ta tsagar ƙyaure ina jin numfashin Umma. Ina jin tana kiran sunana can ƙasa, yadda take yi in zazzaɓi ya kama ni. Ku da kuke karantawa a kan gadajenku, kada wadda ta yi saurin yanke mini hukunci. Wanda bai taɓa tsayawa tsakanin uwarsa da kansa ba, bai san nauyin harshe ba.

"Yayana ne," na ce. "Shi da matarsa."

Dogo ya rufe ido. A bayana kuwa na ji ƙyauren ya rufu, na ji an zura sakata ta sama, an zura ta ƙasa. Umma ce. Ta kulle gida, ni a waje, ƙafa ba takalmi.

Ban gama haɗiye wannan ba na ji wani ya yi fito daga bayan motar da ke fake a gefenmu. Ya miƙe tsaye, waya a kunne. Wanda ya tofar mini da yawu ne a asibiti. Ashe tun daga can suka biyo Dogo, kuma ya ji komai.

"Ku ƙaraso," ya ce a wayar. "Ba ita ba ce. Yana ciki."

Babura suka shigo layin daga kowane ɓangare, kowanne da goyo, rodi a hannu. Dogo ya ja ni bayansa yana laluben lambar Sajan. Na dafa ƙofar gidanmu ina bugawa da hannun hagu, ina kiran Umma, ban ma san ko so nake ta buɗe ko kada ta buɗe ba. Na ƙarshensu ya sauko da wani inji mai faifai a kafaɗa, yana warware igiyarsa.

Umma ta dogara da ƙofar ƙarfe da sakata biyu. Ta manta su wane ne a waje. Yankan ƙarfe shi ne abincinsu.